Abin da Metir Haruna Ya Zuba a Filin Sodiko

Ranar Talata da hantsi labarin ya iske ni a Libreville, ina tsaye a bakin rumfar tayoyin da nake tsare wa wani mutumin Garwa. Sani mai goro ne ya kawo shi, kwanansa biyu da sauka daga jirgin ruwan Douala. Mun gaisa, na tambayi mutanen unguwarmu New Bell gida gida, yana ta cewa lafiya lau. Sai da ya ɗaga buhunsa zai tafi sannan ya juyo ya ce af, ko na ji Metir Haruna ya rasu? Ciwon ƙirji ne, in ji shi, bai cika mako a kwance ba. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Na faɗi haka, na jawo taya na zauna a kai.

Da na ɗan dawo hayyacina na tambaye shi jana'iza. Nan ya fara kallon ƙasa. Ya ce sahu biyu aka yi, na biyun ma bai cika ba. A New Bell fa, inda ko baƙon da ya kwana uku a unguwa ya mutu sai an tare titi. Na ce me ya hana mutane fitowa? Ya ce, “Malam Isiyaku, kai ma ai ka san maganar nan ta kwalba.” Ya ƙara da cewa har yau yara ba sa kiran Nasiru, ɗan marigayin, da sunan ubansa, sai ɗan mai kwalba, kuma yaron ya daina zuwa Islamiyya saboda haka.

Shi ya sa na rubuta wannan takarda, na ba Sani ya kai. A karanta ta ranar sadakar arba'in, da ƙarfi, a ƙofar gida inda maza ke zama, a bar ƙofar tsakar gida a buɗe don Asabe matarsa ta ji. Akwai sunayen masu rai a ciki. Nawa ne ya fi muni, don haka kada kowa ya tashi kafin a kai ƙarshe.

Shekara takwas muka yi aiki tare a kolej ɗin unguwa, wadda iyayenmu suka haɗu suka gina don yaranmu su sami Faransanci da Larabci a wuri ɗaya. Ni ina koyar da lissafi, shi yana koyar da motsa jiki, shi ne kuma mai horar da 'yan ƙwallon makaranta, ni ina dafa masa. Yara suna ce masa Metir, wato malam da Faransanci, mu ma muka bi su. Ba zan ce muku mutum ne mai sauƙin zama ba. Ba ya dariya da wuri, ba ya bayanin kansa, in kuma ya yi fushi da kai zai yi kwana uku yana gaishe ka cikakkiyar gaisuwa ba tare da ya kalli fuskarka ba. Yana da girman kai irin na wanda ya san aikinsa. Wannan girman kan ya taimaka wajen kayar da shi, ban ɓoye ba.

Amma ni na gan shi kullum da sassafe yana bin filin makaranta a sunkuye yana tsince fasassun kwalabe da ƙusoshin da masu gareji suka watsar, kafin yara su shigo ba takalmi. Na gan shi yana ɗinke ƙwallo ɗaya sau bakwai da zaren mai gyaran takalmi. Da lakiriz, wato karyewar tattalin arziki, ta kama gari sosai, aka rufe masana'antu, iyaye suka koma cin abinci sau ɗaya a yini, sai ya riƙa zuwa atisaye da kwanon wake da makala, fanken nan namu, a leda. Ya ajiye a gindin bango ya ce Asabe ce ba ta iya awo ba, kullum sai ta dafa ya yi yawa, a taimaka masa kada ya lalace. Asabe, kin ji abin da yake cewa a kanki. Mun san ƙarya yake yi, yaran ma sun sani, suka riƙa cinyewa suna yi miki addu'ar Allah ya sa kada ki taɓa koyon awo.

Duk wanda ya yi makaranta a unguwarmu ya san abin da ke tsakaninmu da kolej ɗin nan ta Sodiko, a ƙetaren gada. In sun zo gidanmu mukan yi kunnen doki, wani lokaci mu ci. In mun je nasu kuwa sai dai a ƙirga mana. Tun kafin in fara aiki ba mu taɓa dawowa daga Sodiko da nasara ba. Tun daga bakin hanya ake tarbarmu da ihu, ana ce mana masu soya, a ce mu koma mu hura gawayi, ƙwallo ba tsire ba ce. Yaranmu su shiga fili zuciya na tafasa, kafin a yi minti goma an kori ɗaya. Mutanen unguwa kuma suka gama yanke hukunci cewa filin a ɗaure yake, an binne wani abu a ciki.

Metir Haruna bai yarda da wannan ba ko sau ɗaya. Abin da yakan ce shi ne, “Filin wani ba a koyonsa ranar wasa.” Ya lura cewa duk shekara ta gefe ɗaya ake cinmu, gefen da ke kallon fadama, kuma yaranmu suna yawan faɗuwa a can, su kuwa 'yan gida ba sa bi ta wurin sai dole.

Ranar Juma'ar da ta gabaci wasanmu na wata shekara a gidansu, muna fitowa daga masallaci, ya ce in raka shi Sodiko. Lokacin nan ne da ake rufe gari da yajin aiki, babu tasi sai jefi-jefi, muka taka da ƙafa har bakin gada kafin wani mai motar katako ya rage mana hanya. Ko rigar Juma'a bai cire ba. A hannunsa akwai guntun rodi, da gwangwanin madara wanda babu komai a ciki, da kwalbar ruwa. Ku riƙe wannan da kyau: ni na cika kwalbar nan, da hannuna, a famfon makaranta, yana tsaye yana ce min in yi sauri.

Mun iske filin babu kowa. Ya fara daga raga ɗaya, yana caka rodin a ƙasa, yana taku yana ƙirgawa a hankali, ni ina rubuta masa lambobi a bayan takardar jarabawa. A tsakiya rodin ba ya shiga. A gefen fadama kuwa, inda fuskar ƙasa ta yi fari fes kamar busasshiya, sai ya nutse har rabi. Yashi suke zubawa a kan taɓo, ido ya ga fili, ƙafa ta taka laka. Sai ya tsuguna yana zuba ruwa kaɗan kaɗan, yana duba inda ƙasa ke shanyewa da inda ruwan ke kwanciya. Ya daɗe a wurin da ake ajiye ƙwallo in za a buga fenariti a ragar gefen fadama, ya danna da tafin hannu, ya taka da ƙafar hagu, ƙafar ta zame. Ranar ce kaɗai na ga haƙoransa a wannan makon. Ya ɗebi ƙasar wurin a gwangwani don ya nuna wa yara.

Ashe mai gadin makarantar da wata mai suyar makala suna kallonmu ta bayan katanga. Ku sa kanku a matsayinsu. Bahaushe da babbar riga da hula, ranar Juma'a, a tsugune gaban raga, bakinsa na motsi, yana zuba ruwa daga kwalba, yana ɗibar ƙasa. A garin da kowa ya ɗauka duk mai hula malamin tsibbu ne. Su ban ga laifinsu ba. Ba su san shi ba. Kafin mu haye gada labari ya riga ya isa kasuwar Sodiko.

Ranar Asabar ya tara yara a aji, ya juye ƙasar gwangwani a kan tebur, ya sa kowa ya matsa da yatsa. Takalman ƙwallo ƙafa shida muke da su, sauran yara da na roba suke wasa. A da manyan 'yan wasa ake ba masu ƙusa. Ranar ya karɓe na Bala, ɗan gabanmu da unguwa ke ji da shi, ya ba wani siririn yaro mai tsaron baya wanda zai tsaya a gefen laka. Bala ya kumbura ya ce to shi da me zai ci ƙwallo? Metir ya ce da ƙafar da Allah ya ba shi, tunda tsakiyar fili busasshiya ce, in kuma ba ya so akwai benci. Ya ce ba mai shan ruwan kowa a can, za mu tafi da jarkarmu, ba don tsoron sammu ba, don kada wani ya sami abin da zai ɗora wa laifi in ya gaji. Ya ce duk wanda aka zagi uwarsa ya riƙe, ya kawo masa bayan wasa, shi zai ajiye masa. Game da alƙalin wasa kuwa ga abin da ya ce: “A unguwarsu yake kwana, yana da yara. Kada ku jira adalci daga mutumin da ke jin tsoro, ku rage masa abin da zai hura.” Sannan ya ja Musa gola gefe ya ce masa in an ba su fenariti a ragar fadama, kada ya faɗi ko'ina, ya tsaya cak a tsakiya.

Da motar shanun wani mahauci muka je, awa uku kafin lokaci, don yara su gama jin zagin tun kafin a fara ya zame musu ba komai ba. Sai muka tarar da abin da ba mu yi tsammani ba. 'Yan gida sun ƙi shiga filinsu ta ƙofa, ta katanga suka dira ɗaya bayan ɗaya. Golansu yana watsa gishiri a cikin raga. Sun ƙi ba mu hannu. Na ce wa Metir ai wannan ma riba ce, tsoronmu suke ji. Ya harare ni ya ce shi bai zo ya ci wasa da ƙarya ba.

Minti ashirin na farko Metir ya ce a bar musu ƙwallo, aka bar musu. Suka yi ta gudu, jama'arsu na buga ganga, mu muna tura su gefen laka inda masu takalmi ke jiransu. Da aka dawo hutun rabin lokaci ƙafafunsu sun yi nauyi, gangar ma ta yi sanyi. Bala, da takalmin robarsa, ya karɓi ƙwallo a tsakiya ya wuce mutum biyu ya saka ta. Saura minti biyar alƙali ya ba su fenaritin da ko makaho ba zai bayar ba, kuma ba yaronmu ko ɗaya da ya ɗaga hannu. Mai bugawa ya taho da gudu, ya kafa ƙafar hagu, ƙasa ta tafi da ita, ƙwallo ta haye raga ta faɗa fadama. Musa yana tsaye a tsakiya bai motsa ba, kamar wanda aka gaya wa tun jiya. An kuwa gaya masa tun jiya. A kwance muka bar Sodiko cikin motar shanu, duwatsu na sauka a jikin katako, Musa yana ɗaga kai yana ce musu su zo New Bell soya kyauta ce yau.

Yanzu na zo kanku, mutanen unguwa. Da muka dawo kun ɗaga shi sama. Amma ba wanda ya ce Metir ya iya aikinsa. Cewa kuka yi Metir ya karya ɗaurin Sodiko, kuna faɗa kuna taƙama a teburin mai shayi. Wasu a cikinku, ina ganin fuskokinsu yanzu haka, sun bi shi gida a ɓoye suna neman ya yi musu na kasuwa, wani na shari'ar fili, wani na mace. Ya kore su da maganar da ba zan maimaita a takardar makoki ba. Waɗanda ya kora ɗin nan su ne suka fara cewa ai dama ba ya cika sahun gaba, ai dama ba a san inda yake zuwa ranar Juma'a ba.

Bayan wata biyu kwamitin iyaye ya ga makaranta ba za ta iya riƙe dukan malamai ba, dole a rage ɗaya, kuma tsakanina da shi abin ya tsaya. Alhaji Tanimu ne shugaban kwamitin. Zan yi masa adalci: shi ya saya wa yara riguna, kuma a shekarun nan akwai gidajen da ba don buhunan shinkafarsa ba da ba a ɗora tukunya ba. Amma ya daɗe yana son filin makaranta ya zama wurin kwanan motocinsa, Metir kuma ya tsaya masa a gaba. Sai aka kira taro bayan la'asar a ajin 'yan shekarar ƙarshe. Ba a ce za a rage ma'aikaci ba, don wannan zai sa a ji kunya. Cewa aka yi makarantar Musulmi ba za ta riƙe malamin da ke kai yara ga shirka ba.

Aka ce ya kare kansa. Da ya buɗe baki ya yi bayanin yashi da taɓo, da ya kira yaran da suka matsa ƙasar da yatsunsu, da wataƙila an ji kunya. Girman kansa bai bar shi ba. Ya miƙe ya ce, “Malam Isiyaku yana tare da ni. Ku tambaye shi.” Ya zauna ya harɗe hannu, hankalinsa kwance, don a ganinsa magana ta ƙare.

Alhaji Tanimu ya juyo ya ce, “Malam, tsakaninka da Allah, me ke cikin kwalbar?”

A lokacin matata tana da ciki wata bakwai, mahaifiyata tana ɗakina. Na faɗi wannan don ku san abin da ke raina, ba don ya wanke ni ba. Na ce, “Na ga yana zuba ruwa, Alhaji. Abin da ke ciki kuwa, Allah ne masani.”

Metir bai kalle ni ba. Ya ɗauki hularsa daga kan tebur, ya ciro usur daga wuyansa ya ajiye, ya yi wa kowa sallama ya fita. Aikin da na sayar da shi a kansa ko shekara bai ƙara min ba. Ga ni nan ina gadin tayoyin wani a ƙasar da ɗan sanda ke tambayata takarda sau biyu a yini.

Shi kuwa babbar kasuwa, Marché Central, ya koma, yana tura kaya a amalanke, mutumin da ya haura hamsin, cikin ruwan saman Douala. Can ciwon ƙirjin ya samo asali, ko likita bai faɗa ba ni na sani. Kafin in bar gari na same shi a bakin kasuwa yana ɗaure buhunan albasa. Na gaishe shi, na fara cewa Metir, maganar ranar nan. Ya katse ni ya tambaye ni gwiwar yaron nan mai tsaron baya, ko ta warke. Na ce ta warke. Ya ce in gaya wa duk wanda ke riƙe da yaran kada ya sa shi wasa a busasshen fili sai bayan wata guda. Ya ɗaga amalankensa ya ce a gaida gida. Ban sani ba ko yafewa ce, ko kuwa bai ga na kai a yi maganar da ni ba. Na fi zaton na biyun, kuma yana da gaskiya.

Sani ya ce min a zaman makoki kun cika tabarmi, kowa na cewa Allah sarki, mutumin kirki ne. Ku riƙe abinku. Mutumin kirkin yana tura amalanke ta gaban shagunanku shekara uku, wa ya ce masa zo ka zauna? Kun ƙi tsayawa a bayan gawarsa don kada a ce kun sallaci boka, sannan kun zo kun zauna a ƙofar gidansa don kada a ce ba ku zo ba. A cikinku akwai yara goma sha ɗaya da yanzu suka mallaki hankalin kansu, waɗanda suka taɓa ƙasar gwangwanin nan da hannunsu. Bala, Musa, kuna ina aka yi sahu biyu? Na san ku yara ne ranar taron, ba a tambaye ku ba. Yanzu ba yara ba ne ku.

To ga shaidar da aka nema a wurina na hana. Na rantse da Allahn da zai tashe ni gaban Haruna, ruwan famfo ne. Bai binne komai ba, bai karanta komai ba, taku yake ƙirgawa. Da rodi da ido da haƙuri ya ci Sodiko, kuma tunda nake ban ga wanda ya tsani tsibbu kamarsa ba. Alhaji Tanimu, in kana wurin, kai ka yi tambayar a gaban mutane, kai ya kamata ka maimaita amsar a gaban mutane, a masallaci, ranar Juma'a, da bakinka. Ba na neman ka da wani abu bayan wannan. Liman, a gaya wa malaman Islamiyya sunan yaron nan Nasiru Haruna.

Asabe, ban ce ki yafe min ba. Wanda ya kamata in roƙa ya tafi, kuma na sami shekara uku ban yi ba. In kin ga dama ki ajiye takardar nan, ranar da Nasiru da ƙannensa suka tambayi wane ne ubansu, ki ba su su karanta da kansu.

Ya Allah, ga bawanKa Haruna ya zo gare Ka da gajiyar da mu muka ɗora masa. Ka ji ƙansa, Ka yafe masa zafin zuciyarsa da kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zame masa kankarar zunubi. Ka saka masa da kowace ƙusa da ya tsince daga gaban ƙafar yaro, da kowane kwanon wake da ya ɗora wa matarsa laifinsa. Ka ba Asabe haƙuri da lafiya da abin rufin asiri, Ka raya mata yaranta, Ka sa su ɗaga kai a unguwar da aka haife su. Mu kuma da muka yi shiru, da waɗanda suka yi magana, Ka ba mu ƙarfin gyara abin da ya rage tun muna numfashi, don shi ya riga mu isa inda ba a ɓoye shaida. Amin.